Kun Tambaya, Mun Amsa: Yumɓu, Kuza da Tubali

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun wannan fitowa daga Jos da kewayenta suka zo, ɗaya kuma daga Abuja. Mun zaɓi biyar, mun ba ta farko fili fiye da saura domin tana buƙatar amsa da gaggawa.

TAMBAYA: Ƙanena yana haƙar ma'adinai a wajen Kafanchan. Kwanan baya suka tono wani kan mutum na yumɓu, idanunsa da hancinsa a huje. Wasu sun ce gunki ne a farfasa shi, wasu sun ce kayan Nok ne, akwai masu saye da tsada. Mene ne Nok ɗin nan, ta yaya ake gane na gaske, kuma me ya kamata ya yi? (Daga wani magidanci, Unguwar Rogo, Jos)

AMSA: Malam, kafin komai ka aika wa ƙanen naka saƙo: kada ya fasa, kada ya wanke, kada ya sayar. Dalilan suna tafe.

Nok ƙauye ne a ƙasar Jaba, kudancin Jihar Kaduna. A 1928 leburorin kuza a can suka tono ɗan ƙaramin kan biri na gasasshen yumɓu daga zurfin da ya kai mita 7. Ɗaya daga cikin masu wurin haƙar, Kanar Dent Young, ya kawo shi Jos aka ajiye a ma'aikatar ma'adinai, ba wanda ya damu da shi. A 1943 aka sake tono wani kan, na mutum, a yankin Jama'a. Wani ma'aikacin wurin ya tafi da shi gida, ya kafa shi a gonar doyarsa a matsayin mutum-mutumin korar dabbobi, ya shekara a can. Daga baya kan ya iso hannun Bernard Fagg, wani jami'in mulki a Jos wanda ya karanci ilimin tono kayan tarihi. Da ya ajiye shi kusa da kan birin nan sai ya ga salonsu ɗaya ne. Shi ya laƙaba wa al'ummar da ta yi su sunan ƙauyen Nok, shi ne kuma ya kafa Gidan Tarihi na Jos da aka buɗe a 1952.

Binciken da masana na Jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt a Jamus suka fara a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya ya nuna cewa mutanen Nok sun zauna a wannan yanki tun kimanin shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam. Sassaƙen yumɓun ya fara bayyana wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, ya ɗauki ƙarnuka ana yi. Manoma ne, gero da wake suke shukawa. A 2021 aka bayyana cewa an sami ragowar kakin zuma a jikin tsingaron tukwanensu, wato shekara 3,500 da suka wuce ana cin zuma a ƙasar nan. A Taruga kuwa, kusa da Abuja ta yau, Fagg ya tono tanderun narka tama da suka haura shekara 2,000.

Alamomin aikin Nok ba su da wuyar riƙewa. Ido yana da siffar kusurwa uku ko rabin da'ira, girar sama a lanƙwashe, ƙwayar idon kuma rami ne da aka huda har ciki. Ƙofofin hanci da kunne, sau da yawa har da baki, su ma a huje suke. Kai ya fi ƙarfin jiki, yakan kai kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na tsawon sassaƙen duka. Akwai kitso ko tukkaye masu tsari, da tsakiya da duwatsun wuya jere-jere. Cikinsa holoƙo ne, domin da nadin yumɓu aka gina shi hawa-hawa irin ginin tukunya, sai da ya sha iska ya yi tauri kaɗan sannan aka sassaƙe fuskar da wuƙa. Hujin nan ba ado kaɗai ba ne: ta nan tururi yake fita lokacin gashi, in babu shi kan zai iya tarwatsewa a wuta. Yumɓun kuma an cuɗa shi da tsakuwar dutse da aka daka, don kada ya tsage wajen bushewa. Asali an shafe jikin da ruwan yumɓu mai laushi an goge har yana sheƙi, amma ƙasar yankin mai tsami ce, ta cinye shafin, shi ya sa za ka ji jikinsa da kaushi, tsakuwar a fili.

Duk da haka ido kaɗai ba ya yanke hukunci, domin jabu ya yi yawa. A ɗakin gwaji ana huda wani ɓoyayyen wuri a ɗebi garin yumɓun kaɗan, a zafafa shi, a auna ɗan hasken da yake fitarwa. Yawan hasken shi ke nuna tsawon lokacin da ya wuce tun gashinsa na ƙarshe. Masu jabu sun san wannan, don haka sukan niƙa tsohon tsingaro su kwaɓa da gam su gina sabon kai, ko su dasa ɓallin tsohon yumɓu daidai inda suka san za a huda, wato gindi da ƙeya. Sai hoton na'urar da ke leƙa ciki, irin ta asibiti, yake tona asirin haɗin.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Shekarun sassaƙe da labarinsa ba a jikinsa kaɗai suke ba, suna cikin ramin da ya fito: gawayin da ke gefensa wanda ake yi wa gwajin kabon don sanin shekarunsa, da tsingaro, da dutsen niƙa, da yadda aka jera duwatsu, da zurfin wurin. Kusan duk sassaƙen Nok a farfashe ake samunsa, kuma masu bincike sun lura da gangan aka binne gutsattsarin a ramuka. Wanda ya cire kai ya watsar da saura ya shafe hujjar da za ta bayyana dalilin hakan, kuma ba ta dawowa. Idan akwai sauran abu a ramin, a dakatar da haƙa a wannan gefen. A ɗauki hoto da waya tare da ajiye wani abu sananne a gefe don a gane girma, a auna zurfin, a adana wurin a taswirar waya. Wanda aka riga aka cire a bar shi ya bushe a inuwa da ƙasarsa a jiki. Ruwa da buroshi suna kankare ragowar shafin, gam kuma yana ɓata gwaji. A naɗe kowane gutsure daban a tsumma mai laushi ko takarda. Leda ba ta dace ba, tana tara gumi yumɓun ya ruɓe.

Maganar sayarwa kuwa doka ta rufe ta. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta ce wanda ya tsinci irin wannan abu ya sanar da hukuma cikin kwana 7, ta hana saye da sayar da shi sai ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi, ta kuma hana fitar da shi waje ba da izini ba. Tun shekarar 2000 kayan Nok suna cikin jerin kayan tarihin Afirka masu fuskantar haɗarin sata da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar don jami'an kwastan su sa ido a kansu. Hukumar tana da gidan tarihi a Jos da Kaduna da kuma Nok kanta, ya je wanda ya fi masa kusa. Hukuncin ajiye mutum-mutumi a gida na malamai ne, a tambaye su. Roƙonmu dai a miƙa shi inda za a karance shi maimakon a farfasa.

TAMBAYA: Kakanmu aikin kuza ne ya kawo shi Bukuru. Yaya ake raba kuza da yashi? Da gaske ne ana narka ta a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa? Me ya sa kuma ake cewa kada a yi gini da yashin da aka wanke kuza? (Daga wata ɗaliba, Bukuru)

AMSA: 'Yarmu, sirrin aikin kuza gaba ɗaya nauyi ne. Ƙwayar kuza ta ninka ƙwayar yashi mai girmanta nauyi fiye da sau biyu da rabi. Asalinta a cikin duwatsun tsaunukan Filato take. Ruwan sama na dubban shekaru ya farfasa dutsen, ya kwashe yashi mai sauƙi ya yi gaba da shi, kuzar ta kwanta a gindin tsofaffin koramu, daga baya ƙasa ta binne su. Shi ya sa mai haƙa yake ratsa ƙasar sama wadda ba ta da komai, sai ya iso wani siririn shimfiɗin tsakuwa da ke kwance a kan dutse. Nan arzikin yake.

Ana kwaso wannan tsakuwa a kwano a zuba a doguwar magudana mai ɗan gangare, wadda aka gitta wa katakai a ƙasanta. A sako ruwa, mutum yana motsa ta da shebur yana turawa sama. Yashi ya bi ruwa, baƙar kuza ta maƙale a bayan katakan. Ƙarshen wankin da ƙwarya ake yi, ana juya ta a ruwa ana karkatawa kamar yadda uwargida take rege shinkafa, sai dai a nan abin da ya kwanta a gindi shi ake nema. Kuskure uku ke cinye ribar mai wanki. Ruwa ya yi ƙarfi, ya tafi da ƙananan ƙwayoyi. Ruwa ya yi rauni, yashi ya cika bayan katakan kuzar ta rasa wurin kwanciya. Na uku, wanda sababbin hannu ba su cika lura da shi ba, shi ne curin laka: idan ba a dama ƙasar ta narke sosai kafin a zuba ba, curin yana mirginawa yana liƙe kuza a jikinsa ya fice da ita.

Ba duk baƙin da ya kwanta ne kuza ba. A ciki akwai baƙin yashi mai ƙarfe, da kolumbayit, da zakon, da monazayit. Bayan an shanya, maganaɗisu na hannu yana ɗauke mai ƙarfen, sauran sai injin maganaɗisu mai lantarki. Tsohon gwajin tabbatarwa shi ne a ɗora ƙwaya a kan ƙarfen zinki a ɗiga mata asid ɗin haidirokulorik mai rauni. In kuza ce, cikin 'yan mintoci za ta yi rufi fari-fari mai toka-toka, in an murza ya yi ƙyalli. Kolumbayit ba ta yin haka. Ita kolumbayit da farko zubar da ita ake yi, sai da aka gano amfaninta wajen ƙarfen injin jirgin sama mai jure zafi, a shekarun 1950 Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da ita, aka koma ana sake wanke tsofaffin juji.

Narka kuza kafin Turawa gaskiya ne, ba shaci-faɗi ba. A Liruwen Kano, wato Ririwai, da Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi, maƙera suna gina tanderun yumɓu, su jera kuza da gawayi hawa-hawa, su hura da zuga-zugi. Ita tatacciyar kuzar da ke fitowa tana narkewa a maki 232 kacal na ma'aunin Selsiyas, amma raba ta da dutsenta yana buƙatar wuta mai zafin da ya haura maki 1,000. Abin sha'awa shi ne zubinta. Sukan jera tsinkayen ciyawa a cikin danshin toka a kan gangare, su zare su a bar siraran ramuka, sannan su kwarara narkakken ƙarfen ya bi ramukan. In ya huce sai a sami siraran sanduna, a ɗaure su dami-dami a kai kasuwa. Waɗannan sandunan ne ma'aikatan Kamfanin Neja na Turawan Ingila suka gani a hannun fatake a kasuwannin bakin Binuwai, suka bi sawunsu. A 1902 suka aiko masu bincike, a 1903 Kanar Laws, wakilin kamfanin, ya hau tsaunin Filato, ba da jimawa ba aka kafa sansani a Naraguta. Cikin 'yan shekaru sana'ar maƙeran Liruwe ta mutu.

Wataƙila kakanku ya ba da labarin kuzar dole. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta, sai gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙa a Filato har 1944. Sanyin tsauni da ƙarancin abinci da cuta sun kashe da yawa daga cikinsu. A 1943 ne aka fitar da kuza mafi yawa a tarihin ƙasar, sama da tan 17,000. Duk mai faɗin wannan adadi ya kamata ya haɗa da ambaton mutanen da suka haƙo shi. Kasuwar ta yi ta ja da baya har farashin duniya ya karye a watan Oktoba na 1985.

Gargaɗin yashi kuwa a riƙe shi da kyau. Monazayit da zakon da ke saura a jujin masana'antar tace kuza suna ɗauke da sinadaran toriyam da yuraniyam masu fitar da tururin nukiliya, wanda ba a gani ba a jin warinsa. A waje, inda iska ke kaɗawa, haɗarinsa kaɗan ne, amma in aka yi bulo ko filasta ko daɓen ɗaki da shi, iyali za su kwana su tashi a cikinsa shekara da shekaru. Kada kuma a soya gyaɗa da shi. Kududdufan da muke kira dam su ma ramukan haƙa ne da ruwa ya cika, bakinsu a tsaye yake ba gangare, ƙasansu laka, ruwan can ciki da sanyi ƙwarai. Suna da amfani ga masu noman rani na kabeji da karas da tumatir, amma a hana yara wanka a ciki. Masu shiga rijiyar loto kuma, wato ramin haƙar kuza na hannu, su sani cewa ramin gefe da ba a tokare shi da itace ba, damina ce ajalinsa.

TAMBAYA: Wane ƙaramin jirgin ƙasa ne aka ajiye a harabar Gidan Tarihi na Jos? (Daga wani direba, Bauchi Road, Jos)

AMSA: Na layin dogon da ake kira Ƙaramin Jirgin Bauchi ne, Malam, ko da yake bai taɓa zuwa garin Bauchi ba. Lokacin da aka shimfiɗa shi Jos tana ƙarƙashin Lardin Bauchi, sai a 1926 aka yanke Lardin Filato. Ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama da Jengre ya hau tsauni zuwa Jos da Bukuru, mil 143, aka kammala shi a 1914. Kafin nan a ka da jakuna ake sauko da kuza. Faɗin dogonsa ƙafa 2 da inci 6 ne, na babban layi kuwa ƙafa 3 da inci 6, saboda haka dole a sauke kaya a Zariya a sake lodi. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai aikinsa ya ragu, aka rufe shi a 1957.

TAMBAYA: Ni magini ne na bulo da siminti. Na kai yarana ganin ganuwa da masallacin ƙasa da ke bayan Gidan Tarihi. Yaya aka yi wannan rufi mai faɗi ba rodi ba kankare? Me ya sa kuma ruwa yake cin ginin ƙasa a Jos fiye da Kano ko Katsina? (Daga wani magini, Rikkos, Jos)

AMSA: Maigida, wurin da ka je shi ne gidan adana gine-ginen gargajiya na Najeriya, wanda wani masanin zanen gini ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya tsara a shekarun 1970 bayan ya daɗe yana auna tsofaffin gine-gine a faɗin ƙasar nan. Masallacin kwafi ne na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani, shugaban maginan Zazzau, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846. Shi ne kuma ake danganta wa Gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, wanda aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa a 1956.

Aikin yana farawa daga kwaɓi. Ana haƙo jar ƙasa mai birji, a jiƙa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a sake jiƙawa a tattake. Da ita ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya ya bushe ƙarau. Wajen jeri tsinin yana kallon sama, a jefa laka a cike tsakani. Bango yana da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Ba a ɗora sahu da yawa a yini guda, sai na ƙasa ya sha iska. Wanda ya yi gaggawa bangonsa zai yi ciki ya tsage.

Rodin maginin Hausa ita ce azara, wadda ake tsagawa daga kututturen giginya, kuma gara ba ta cika cin ta ba. Rauninta ɗaya: in aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi, ba ta ɗaukar tazarar da ta wuce kimanin mita 1.8 ba tare da ta lanƙwashe ba. Bakan gizo dabara ce ta tsallake wannan iyaka. Tun bango yana rabi ake dasa damin azara a cikinsa, kansu ya leƙo cikin ɗaki a karkace. A ɗaure su da igiya, a lulluɓe da laka, a jira ta bushe. A kan wannan a ɗora dami na biyu wanda ya fi na farko leƙowa da kwantawa, gindinsa a danne cikin bango. Haka za a yi ta yi daga ɓangarorin biyu har ƙafafun su kusanci juna, sannan a haɗe su da azara a kwance. Nauyin bangon da ke danne gindin azara shi ke riƙe komai, don haka ba a rage kaurin bangon da baka ya fito daga cikinsa. In bakuna suka gitta juna a tsakiya an sami ɗaurin guga, kuma da shi ake rufe soro mai faɗin mita 7 zuwa 8. Tsakanin bakunan a jera gajerun azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a bi da laka, a yi tulluwa yadda ruwa zai gangara zuwa indararo.

Sai kariya daga ruwa. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana kwaɓa ta da ƙasa a yi yaɓe. Wanda ya fi ta ƙarfi shi ne laso: katsi daga gindin karofin marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Da shi ake shafe rufi da rawani da zankwaye, inda ruwa ya fi duka.

Jos tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, Katsina ba ta cika wuce rabin haka ba. Daminar Jos ta fi tsawo, ruwan yakan zo da iska yana dukan bango a kaikaice, wani lokaci har da ƙanƙara, bango bai gama bushewa ba wani ruwan ya sauko. Shi ya sa Birom da sauran mutanen tsauni suka zaɓi ɗaki mai jinka wadda ta sauko ta rufe bango. Soron ƙasa a nan yana son a duba shi kowace shekara kafin ruwan farko: a toshe tsaga, a share indararo, a sabunta yaɓe. Indararo ɗaya da ya toshe ya isa ya jiƙa rufi har azara ta ruɓe. Muna kuma roƙonka, a matsayinka na mai siminti, kada ka yi wa bangon ƙasa filastar siminti kai tsaye. Ba sa miƙewa da tsukewa tare, siminti zai tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ta narke a ɓoye har ranar da filastar za ta ɓalle gaba ɗaya.

TAMBAYA: Wace ce matar da ke gina tukunya a bayan naira 20? An ce a Abuja ta yi aiki, amma na tambaya an ce mini sai na je Suleja. (Daga wata malamar makaranta, Kubwa, Abuja)

AMSA: Malama, duka biyun daidai ne. Garin da ake kira Suleja yau shi ne Abuja ta asali. Bayan jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya ya yi kudu, ƙanensa Abubakar Ja, wato Abu Ja, ya kafa garin a 1828. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairu 1976, sai sabon birnin ya ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau.

Matar ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali, an haife ta wajen 1925. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun gwaggonta. Matan Gbagyi, wato Gwarawa, ba sa amfani da faifan juyi. Maginiya takan ajiye curin yumɓu, ta dunƙule hannu ta buɗe tsakiyarsa, ta riƙa jan bangon sama daga ciki, ita ce ke zagaya tukunyar, tukunyar tana zaune. Sai ta ƙara nadin yumɓu ta fitar da ciki da kafaɗa da wuya. Kafin ta bushe ake zane, da siririyar wuƙa da kuma ɗan guntun igiya ko itace da ake mirginawa ya bar sawu. Zanen Ladi sananne ne: ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, kifi, tsuntsu, kowanne a cikin gidansa na layuka.

Sarki Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta a fada, a can Baturen maginin tukwane Michael Cardew ya gan su a 1950. Ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ta sami lambar girmamawa ta Ingila a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977 alhali ba ta yi makarantar boko ba, ta karɓi lambar yabo ta ƙasa kan hazaƙa a 1980. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta 1984. Aikinta na cibiyar yana ɗauke da hatimi biyu a gindi: haruffan LK, da sunan Abuja da rubutun ajami.

Akwai bambanci babba tsakanin tukunyarta ta gida da ta cibiya, ko da siffarsu ɗaya ce. Ta gida a fili ake gasa ta da itace da ciyawa, zafin bai cika wuce maki 800 ba, in an ciro ta da zafinta a yayyafa mata ruwan makuba. Jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Ta cibiya kuwa da wani yumɓu aka gina ta, aka cike zanen da farin yumɓu, aka shafe ta da ruwan gilashi, aka gasa a rufaffen tanderu da zafin kusan maki 1,300. Ta fito da ƙyalli da ƙarfi, amma ta yi nauyi, ƙofofin sun toshe, ba ta sanyaya ruwa, in aka ɗora ta a murhu kuma tsagewa za ta yi. Ta zama ta ado. A ganinmu wannan bai rage mata daraja ba, sai dai bai kamata sunan Ladi ya sa a raina randar da 'yan uwanta mata suke ginawa har yau a ƙauyukan Kwali da Ushafa ba, domin daga cikinsu ta fito.

In za ki sayi irin tasu don ruwan sha, ki ƙwanƙwasa ta da yatsa. Mai lafiya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyar tsaga ko wadda ba ta gasu ba muryarta a dushe take. Ki cika ta da ruwa ta kwana, ki zubar, ki maimaita sau biyu ko uku har warin ƙasa ya fita. Danshi a bayanta alama ce mai kyau, amma in ruwa yana ɗiga ya taru a ƙasa, ki mayar da ita. Ki ɗora ta a kan gammo ko yashi a inuwa inda iska ke ratsawa, kuma kada a shafa mata fenti ko siminti a baya.